Na Yi Wa Kaina Kiwon Turka

Edita, bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon a ɓoye sunana da na duk wanda ya shigo labarin nan, don galibinmu muna raye kuma kasuwa ɗaya muke ci. A lokacin da abin ya faru ni dillalin shanu ne a karar Kurfi da ta Dutsin-Ma, wato kasuwannin dabbobi, magidanci mai mata da 'ya'ya, ɗan wani ƙauye da ke yankin Birchi. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, daga nan mahaifina ya ja ni kara ina riƙe mashi igiya har na koyi sana'ar. Abu biyu aka san ni da su. Na farko rama. Ni dogo ne siriri tun ina yaro, irin mutanen nan da ko sun cinye tuwon gidan biki sai ka rantse daga jinya suka taso, ga ni da son farar riga, shi ya sa 'yan kara suka laƙaba mani Balbela. Na biyu waswasi. Ni ne mai sake alwala don ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu, ni ne mai dawowa daga bakin titi don in ja kwaɗon ƙofa in tabbatar ya kama.

Waswasin nan ya bi ni har cikin sana'a. In aka ba ni saniya in sayar, sai na buɗe bakinta na duba haƙora, na ɗaga kofato, na shafa fata ko akwai kirci, kuma duk aibin da na gani sai na faɗa wa mai saye tun bai tambaya ba, don in na ɓoye tuwon dare ba zai wuce mani a maƙogwaro ba. Abokan sana'a suna mani dariya, wai in zaɓi ɗaya, ko dillanci ko wa'azi. Amma Fulanin rugagen da ke tsakanin Birchi da Dabawa ni suke nema, saboda yadda ba na ɓoye wa mai saye aibi, haka ba na ɓoye wa mai dabba abin da aka taya. Babbansu wani dattijo ne, abokin mahaifina, Baffa nake ce mashi. Inda duk ya kai shanunsa nan sauran suke kai nasu. Yakan tsokane ni ya ce wai ɗan Kaɗon nan ba Kaɗo ba ne, tabbas an yi musanya da shi ranar suna, don jikin nan nasu ne. Yakan ce wanda ke bin bayan saniya ba shi da lokacin tara tumbi. Ina dariya, amma a raina ban taɓa ɗaukar maganar a matsayin yabo ba.

Akwai wani babban ɗan kasuwa Bayarabe da ke zuwa daga kudu yana lodin tirela, mu muna ce mashi Alhajin kudu. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, Hausarsa ta kama baki ko da yake tana ɗan karkacewa. Wakilin da ke tara mashi shanu a yankinmu tsufa ya kama shi ya ajiye aiki, sai Alhaji ya shiga neman wani. Wakilcin nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Wanda ya same shi ya huta da tsayuwar rana yana jiran tsautsayin mai saye, kuma ya zama mutumin da ake tashi a ba shi kujera. Tsohon wakilin da bakinsa ya ambaci sunana. Ranar da aka kai ni gaban Alhaji a rumfar kara, ya dube ni daga hula har takalmi, ya kwashe da dariya, ya tambaye ni wai Malam, matarka tana dafa abinci kuwa, ko fushi take yi da kai? Ya ce a garinsu ba a damƙa wa mutum dukiya sai an ga jikinsa zai iya ɗaukarta, don in ya tura ni gaban abokan cinikinsa za su ce shi ma ya karye. Ya ce mutum kamar ni in iskar hadari ta taso sai a nemo shi a Katsina. Rumfa ta ɗauki dariya, ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Daga nan ya ba wani dillali mai ƙaton ciki riƙon ƙwarya, ya ce in ya dawo lodin Babbar Sallah zai yanke wanda zai riƙe aikin.

Wani mutum da ya ji wannan magana sai ya karkaɗe rigarsa ya manta. Ni kuwa sai ta zauna mani a kai kamar tulu. Na fara lura da abin da da ban damu da shi ba. Na ga in baƙon mai saye ya shigo kara, idonsa kan dillali mai teɓa da babbar riga yake fara sauka, ni sai ya miƙo mani igiya yana zaton yaron wani ne. Na ga ko a wurin ɗaurin aure, mai jiki ake ja zuwa kan darduma. Sai na ɗaura yaƙi da ramata. Na sa mai ɗakina ta riƙa zuba man shanu a tuwo har yana iyo, na riƙa shan fura da nono bayan kowace salla, na ci ƙwai, na ci tsire, har ta ce wai Malam, in wata ka gani a waje ka faɗa mani, don wannan ci ba na banza ba ne. Duk da haka ko kumatu ban ajiye ba, sai ɓacin ciki. Na koma saka riga kan riga, har da rigar sanyi a ƙarƙashin shadda mai sitati, ina tafiya ina jiƙewa da gumi kamar an tsamo ni daga madatsar ruwan Zobe. Wani abokin sana'a ya kama hannun rigar ya ce wai Balbela ta sa gashin jimina.

Akwai wani mai tallar magunguna a faranti da ke zagaya kara ranar kasuwa. Wata rana na tsayar da shi in sayi maganin ciwon kai, sai ya rage murya ya ce ya ji abin da Bayarabe ya yi mani, kuma maganin abin yana cikin farantinsa. Ya ciro wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi, ya ce sha ka fashe ke nan, amare suna saye, alhazai ma suna aikowa a ɓoye. Abin da zai ba ku mamaki, na san ƙwayar. Na san wasu masu kiwon turka marasa tsoron Allah suna daka irinta su zuba wa sa a cikin dusa don ya kumbura kafin kasuwa, kuma ni kaina na sha ƙin karɓar irin wannan sa sai in an yarda in faɗi gaskiyarsa. Saboda haka ban saya ba a ranar. Na je gida na yi ta juya maganar. Da yake ni mutum ne da ba ya iya yin abu sai ya ji fatawa, sai na samu limamin unguwarmu bayan La'asar. Amma ban tambaye shi tambayar da ke raina ba. Na ce mashi wai, Allah gafarta Malam, ya halatta mutum ya sha maganin da zai buɗe mashi ciki ya ci abinci? Ya ce ya halatta, matuƙar likita ne ya ba shi kuma ba zai cutar da shi ba. Na ɗauki farkon amsar na sa aljihu, na bar mashi ƙarshenta a kan buzu.

Maganin ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Kafin a gama ɗaukar amfanin gona kumatuna sun ciko, fuska ta zama kamar faifai, ciki ya turo riga. Tela ya buɗe mani rigunana yana cewa wai Malam, a sa mu a hanyar da aka bi. Kuma abin da Alhajin kudu ya faɗa sai na ga gaskiya ne a wani ɓangaren, don kasuwa da ido take fara ciniki. Baƙin da ke miƙo mani igiya suka koma miƙo mani hannu biyu. Yaran kara suka daina cewa Balbela suka koma Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Wannan ma ya dame ni, ina ta gyara masu ina cewa ban je ba tukuna, har na gaji na bari. Muryata ma ta canza, na koyi yin magana a zaune ina nuni da sanda. 'Yan uwa da suka daɗe ba su tako gidana ba suka fara zuwa da buƙatu. Mai ɗakina ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta ce a zamanin nan da hanyoyinmu suke yadda suke, wane mai hankali ne zai so a gan shi da kamar mai kuɗi? Ta kuma ce ita wannan ƙiba ba ta kwanta mata ba, don ba ta taɓa ganin mutum ya yi ƙiba a ciki da fuska ƙafafunsa suna ƙara sirancewa ba. Na ce mata hassada ce irin ta mata.

Ita ce da gaskiya, kuma na sani. Wani tudu ya fito mani a dokin wuya. Nankarwa ta tsattsaga mani ciki irin ta mace mai juna biyu. Ƙishirwa ba ta barina, fitsari kuwa ba kama hannun yaro, ga mutum mai waswasin tsarki, sai ku auna irin azabar da na sha tsakanina da buta. Azumin shekarar ya zo cikin bazara, ban taɓa jin wahalar azumi kamarsa ba. Igiya ta ɗan goge ni a ƙwauri, ciwon da da ko kallonsa ba zan yi ba, sai ya zauna ya ƙi warkewa. Kullum sai in ce daga wannan kasuwar na daina, kullum kuma sai in tuna Babbar Sallah na matsowa, in ce bari dai Alhaji ya zo ya gani tukuna. Na kuma daina zuwa ruga. Da can nakan taka da ƙafa in je in gaida Baffa in ga maruƙa, yanzu sai in aika a ce ina gaisuwa, don tafiya kaɗan sai haki. Shi ma shekaru sun hana shi zuwa kasuwa sosai, 'ya'yansa ne ke koro shanun. Na lura sun rage sakin jiki da ni, suna gaisuwa suna kallon ƙasa, amma na ɗauka girma ne ya zo.

Da ruwa ya sauka, Sallah ta gabato, sai ga Alhajin kudu. Da ya gan ni sai ya buɗe hannu ya rungume ni, ya bubbuga cikina a gaban jama'a, ya ce yauwa, yanzu ka zama mutum, matarka ta huce ke nan. Ya ce wancan mai riƙon ƙwaryar jiki gare shi amma shanun da yake tara mashi tarkace ne, shi kuwa shanun ruga yake so, masu cin ciyawa, waɗanda in an yanka ake ganin nama. Ya ce in kai shi wurin dattijon da ake ba shi labari, in aka daidaita a ranar zai sanar da cewa ni ne wakilinsa. Ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar ranar ba. Washegari da hantsi na sha babbar riga muka shiga motarsa muka nufi wajen Dabawa. Da muka kai rafin da ke kafin rugar, ruwa ya kawo, mota ba za ta haye ba, dole muka sauka muka taka. Tafiyar da nake yi ina waƙa ita ce ta gagare ni. Alhaji da jikinsa na gado yana gaba yana zuba labari, ni ina baya ƙirjina na bugawa kamar ana daka. Sau da yawa ina tsayawa in yi kamar ƙaya ce ta shiga takalmina. Ko da muka isa, sai da na dafa itace kafin in iya yin sallama.

Baffa ya fito, ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, aka kawo nono a ƙwarya. Ya gaida baƙo da kyau, ya tambayi hanya da iyali. Ni kuwa ya daɗe yana kallona bai ce ɗan Kaɗo ba, bai tsokane ni ba. Da na zauna na miƙe ƙafa, wandona ya ɗage, sai ya matso kamar zai duba ciwon da ke ƙwaurina. Ya sa babban yatsa ya latsa naman da ke gefen ciwon, ya riƙe kaɗan, ya ɗauke. Wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na san wannan latsawar. Haka muke yi wa sa in muna shakkar ƙibarsa, naman gaske yakan biyo yatsa ya dawo, na magani kuwa sai ya bar rami. Bafulatani ba ya kunyata nasa a gaban baƙo. Ya goge yatsan a rigarsa, ya juya ga Alhaji ya ce ya yi haƙuri, shanun sun yi nisa wajen kiwo, kuma bana ba su da niyyar rage garke. Alhali ga bijimai can muna hangensu a bayan bukkoki.

Da muka tashi tafiya sai ya ce in tsaya zai ba ni saƙo, Alhaji ya yi gaba. A nan ne ya yi mani maganar da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Ya ce ɗana, tun yara suka fara kawo mani labari na ce ƙarya suke, sai na gani da idona. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san babu dabbar da ke yin tozo a cikin rani ba tare da an zuba mata wani abu ba, ga shi ni har tozon na yi. Ya ce su ba don na iya magana suke ba ni shanu ba, don dillalai masu zaƙin baki sun fi ni yawa, suna ba ni ne don sun ga ina tsoron ɓoye abu. To mutumin da ya iya yi wa jikin da Allah Ya ba shi haka don ya burge mai saye, me zai hana gobe ya yi wa saniyar wani? Na buɗe baki in yi rantsuwa, ya ɗaga hannu ya ce kada in ƙara wa kaina nauyi. Ya ce in je in nemi magani tun ƙafar nan ba ta ruɓe ba, don ya yi wa mahaifina alƙawarin zai riƙa duba ni, ba ya so ya je lahira ya rasa abin faɗa mashi.

A mota, da muka hau kwalta, sai Alhaji ya dube ni. Ya ce shi jikan mahauta ne, ya ga abin da tsohon ya yi da yatsa kuma ya gane. Na yi ƙarfin hali na ce ai maganarsa ce ta jefa ni. Bai musa ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Ya ce abin da ya faɗa gaskiya ne a garinsu, can mai jiki ake fara saurara, shi ma haka ya taras. Amma ya ce shi shanu yake lodi, ba ciki ba, kuma wakilin da Fulani suka juya wa baya ba shi da amfani gare shi ko da ya kai giwa. Ranar kasuwa ya tabbatar wa wancan dillalin wakilci. Na tashi ba tsuntsu ba tarko. Cikin baƙin ciki na kwashe sauran ƙwayoyin na watsa a masai, na ce daga yau an gama. Ashe wannan ma wani kuskuren ne. Ba a daɗe ba jikina ya saki, amai, jiri, gaɓoɓi kamar an zare mani laka. Ina tsaye a karar Dutsin-Ma riƙe da igiyar wata karsana sai na ga ƙasa ta taso. A gadon asibiti na farka da ƙarin ruwa a hannu.

Likitan matashi ne mai barkwanci. Da na faɗa mashi komai, ya ce Baba, da ka zo kafin ka zubar da su, don irin wannan ƙwaya in jiki ya saba da ita ba a yanke ta rana ɗaya, a hankali ake janyewa, yankewar ce ta kusa kai ka kabari. Ya ce abin da na tara ba ƙarfi ba ne, kitse ne da ruwa a inda bai kamata ba, kuma maganin ya tayar mani da ciwon suga da hawan jini. Da na nuna mashi hotona na da a waya, sai ya yi dariya ya ce a ƙasashen Turawa mutane na biyan kuɗi suna gudu a kan inji don su samu wannan jikin da na gudu na bari. Ɗan yayata da ke aiki a wani kamfani a Abuja ya zo duba ni, ya ce ai Kawu ko su haka ne, shugabansu baƙo ne daga waje, kuma duk mai tumbi kallon malalaci yake mashi, shi kansa kullum da safe sai ya zagaya unguwa da gudu don kada a tsallake shi wajen ƙarin girma. Ina kwance ina saurarensu, na ce ikon Allah. Bayarabe na son ciki, Bature na gudun ciki, Bafulatani na zargin ciki, ni kuwa na bi na farkon da ya yi mani dariya na kusa kashe kaina.

Na daɗe ina jinya. Mai ɗakina ta yi ɗawainiya da ni, ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa maka ba, sai dai in ta kawo mani abinci mara gishiri takan ce wai ga na Alhaji. Kumburin ya sace a hankali, ciwon ƙafa ya warke ya bar tabo. Da na ji ƙarfi, ban fara da kasuwa ba. Na ɗauki sandata na taka zuwa ruga, ina tafiya ina hutawa. Na zauna gaban Baffa na zayyana mashi komai, har da yadda na karkatar da tambayar da na yi wa liman. Ya saurara yana sassaƙa sanda. Da na gama sai ya ce ya ji, amma amana kamar nono ce, in ta zube ba a kwashe ta, sai dai a jira wata tatsar. Bai ba ni bijimi ba. Wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho ya sa aka koro mani ranar kasuwa. Na sayar da ita na kai mashi bayanin yadda aka yi ciniki tun daga tayin farko. Haka muka yi ta yi, daga tsohuwar saniya zuwa maraƙi, daga maraƙi zuwa karsana. Allah Ya yi mashi rasuwa bayan haka, amma kafin ya rasu ya ce wa 'ya'yansa su ci gaba da kawo mani.

Wakilcin dai ban same shi ba, kuma na daina sa rai. Amma yau in wakilin Alhaji na son shanun ruga na kirki, rumfata yake zuwa ya yi sallama, ni kuma in sayar mashi a kan gaskiya. Ina tsaye da ƙafafuna a sana'ata, ba na jin kunyar kowa. Abin da ya rage mani shi ne maganin suga da nake sha kullum, likita ya ce wataƙila ni da shi har abada. Ba zan ce maku siffa ba ta da tasiri a wajen neman abinci ba, wanda ya ce haka bai taɓa tsayuwa a kasuwa ba. Tana buɗe ƙofa, na gani da idona. Sai dai kowace ƙasa da irin siffar da take buɗe wa ƙofa, kuma ba za ka iya narka jikinka ka zuba shi a kowane mazubi ba. Ka wanke rigarka, ka gyara gemunka, ka tsaya da kyau, wannan duk hakkinka ne. Amma kafin ka taɓa naman jikinka don wani ya ɗauke ka aiki, ka tambayi kanka su wane ne suke ba ka abinci tun da can, kuma me suka gani a wurinka. Masu irin halina na yawan tunani su fi kowa kiyayewa, don mu kalma ɗaya ta mai wucewa takan zame mana doka. In za ku tambayi malami ko likita, ku yi tambayar gaba ɗayanta.

Kwanan baya wani magidanci, sa'ana, mai neman kujerar kansila a yankinmu, ya ja ni gefe a karar Kurfi. Ya ce wai Malam, an ce ka san inda ake samun abin nan, mai hoto ya ce fuskata ta yi tsawo a fosta, mutane ba za su zaɓi wanda ya yi kama da mai jin yunwa ba. Ban yi mashi wa'azi ba. Na ce ya biyo ni bayan rumfa, na ɗage rigata na nuna mashi cikina yadda ya tsattsage, na naɗe wando na nuna mashi tabon ƙwauri, na ciro maganin suga daga aljihu na ɗora mashi a tafin hannu. Na ce ga abin da ake saye, sauran duk kyauta ce ta 'yan watanni. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mani maganina ya ce bari ya je ya canza mai hoto. Ku ma da ba zan iya jan ku bayan rumfa ba, ga shi na ɗage maku rigar a takarda.